Bariyeshan a Ƙodar Mataimakin Darakta

Mijina, Abban Fu'ad, shekararsa goma sha tara yana aiki a wata hukumar tarayya mai kula da hanyoyi da gadoji, kuma ba a taɓa kiransa gaban masu bincike ba ko sau ɗaya. Mutane suna cewa tsoron Allah ne. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san tsoron biro ne. Ba ya sa hannu a kan duk abin da ya saɓa wa zanen da aka amince da shi tun farko. Idan an zana hanya ta miƙe, ɗan kwangila ya je ya tarar da dutse ya ce sai an karkata, sunan wannan a ofishinsu bariyeshan, kuma kalmar nan ko a talabijin ya ji ta sai ya gyara zama. Maganinta ɗaya ne a wurinsa. A kafa kwamiti, a buɗe fayil, sannan ya rubuta haruffa uku a bangon fayil ɗin, K.I.V., wato a ajiye a gefe ana leƙawa. Akwai wata 'yar gada wajen Mpape da ake leƙawa tun ina goyon autarmu Nazeefa, yanzu Nazeefa tana aji huɗu. Da wannan hali ya hau har ya zama mataimakin darakta.

Yayarsa, Adda Hindatu, tana zaune a rugarsu can bayan Idu, inda ake jin wucewar jirgin ƙasa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya kai da fata har aka bar shi ya yi boko maimakon kiwo. Bara ƙodojinta biyu suka tsaya. Sau biyu a mako nake zuwa in ɗauko ta in kai ta asibiti wankin ƙoda, awa huɗu tana kwance inji yana zagayawa da jininta, ta fito kamar tsumman da aka matse. Likitarta, Dakta Rita, ta gaya mana gaskiya tun farko: wanki riƙo ne kawai, mafita sai dashe.

A taron dangi bayan Babbar Sallah Abban Fu'ad ya miƙe cikin babbar riga ya ce, "Ƙodata ta Adda ce." Mata suka fashe da kuka. Ƙanin mahaifinsu, Baffa Kure, ya dafa kansa ya sa masa albarka. Ni ma na yi alfahari da shi ranar, ba zan ɓoye ba. Kafin mu iso gida labari ya riga mu zuwa guruf ɗin waya na ma'aikatan ofishinsu, har da hoto, kuma har yau ban gano wanda ya tura ba, duk da cewa a wayarsa kaɗai hoton yake. Aka gwada jini ya dace. Aka sa rana, sha huɗu ga wata. Abin da ya rage hoto ɗaya ne, na jijiyoyin ƙoda, don likita ta san inda za ta sa wuƙa.

Ranar karɓar sakamako tare muka je. Dakta Rita a bakin marasa lafiya ta koyi Hausa, mace da namiji duk ɗaya ne a harshenta, amma aikinta babu wasa. Ta juyo mana da kwamfuta ta ce, "Oga, ƙoda naka yana da kyau, duka biyu. Sai dai akwai small bariyeshan."

Na ga wuyansa ya miƙe.

Ta ɗauki takarda ta zana mana. Ga babbar jijiyar jini da ke saukowa daga zuciya ta tsakiyar ciki. A yawancin mutane reshe ɗaya ne yake fita zuwa kowace ƙoda, sannan can ƙasa kaɗan wasu sirara guda biyu su fita su gangara zuwa, a gafarce ni, 'ya'yan maraina. To shi ƙodarsa ta hagu jijiya biyu ce take shayar da ita, babba da ƙarama. Siririyar nan kuma mai gangarawa ƙasa ta ɓangaren hagu ba daga babbar hanya ta fito ba, daga ƙaramar jijiyar ƙodar ta ɓalle, kamar maƙwabcin da ya jawo wuta daga gidan wani.

"Wa ya amince da wannan?" in ji Abban Fu'ad.

"Oga?"

"Ina nufin, yaushe aka yi canjin?"

"Tun kana ciki na mama naka. God ne ya yi design. Wajen mutum ɗaya a cikin huɗu yana da pipe biyu. It's normal."

"In normal ne, me ya sa ake ce masa bariyeshan?"

Ya nemi a nuna masa zanen asali. Baiwar Allah ta miƙa hannu ta sauko da wani ƙaton littafi ta buɗe masa shafin ƙoda, jijiyoyi ja da shuɗi, komai tsaf. Ya sa tabarau, yatsa ɗaya a littafi, ɗaya a kan hotonsa, yana bi a hankali yadda na sha ganin yana bin taswirar kwalbati a teburin cin abinci. Can ya ɗago ya ce, "Dakta, wannan bai yi daidai da zane ba."

"Oga, littafi ne ya yi copy na mutane, ba mutane ne ya yi copy na littafi ba."

Na tambaye ta ko za a ɗauki ta dama a huta. Ta ce ta daman jijiyarta mai mayar da jini gajera ce ƙwarai, dasa ta zai fi wuya ga Adda, ta hagun ce ta dace. Ta yi bayani dalla-dalla. Za ta yanke ƙaramar jijiyar gaba da inda siririyar ta rabu, ta bar masa abarsa yadda take. Ko da ta kama sai an ɗaure siririyar, akwai wasu ƙananan hanyoyi biyu da ke kai jini wurin, da wuya ya ji wani bambanci. A cikin bayanin nan duka kalma ɗaya ce ta shiga kunnen mijina, ita ce ɗaure. Na ga ya haɗe gwiwoyinsa.

Na ce, "Dakta, yaranmu biyar. Ko duka biyun kika ɗaure, ni dai ban yi asara ba."

Ta yi dariya har da buga tebur. Shi bai yi ba. Da za mu fita ta daina dariyar ta ce, "Amma oga, kada mu wuce fourteen. Zuciya na Mama yana gajiya da machine. Yanzu yana da ƙarfi na shiga tiyata. Nan da wata biyu, ban yi maka alkawari ba."

Muna isa gida ya aiki Fu'ad shago ya sayo sabon fayil, kore. Ya rubuta a bangonsa da manyan baƙaƙe: BATUN ƘODAR HAGU. Bayan la'asar ya sanar da ni cewa an kafa kwamiti. Shi ne shugaba, abokinsa Barista Tawfiq na sashen shari'a a ofishinsu shi ne mamba, ni kuma sakatariya, tunda na iya rubutu kuma ni ce mai kawo zoɓo.

Zaman farko a falo aka yi. Barista Tawfiq mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ce ya danganta. Ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa, ya ce abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne mallaka. Siririyar jijiyar nan ta ƙoda ce ko ta ƙasa ce? Domin in mutum ya yi kyautar gida alhali bututun maƙwabci ya ratsa ta cikinsa, kyautar ba ta haɗa da bututun ba sai an rubuta. Abban Fu'ad ya ce wannan magana ce mai nauyi, sakatariya ta rubuta. Na rubuta. Aka yanke shawarar a nemi Dakta Rita ta kawo bayaninta a rubuce, da hatimi. Ta kawo washegari. Aka yanke shawarar a ji ta bakin wani likita.

Likita na biyu, a wani asibitin kuɗi mai kujerun fata, ya kalli hoton minti biyu ya ce ya yi irin aikin nan ya fi a ƙirga. Na uku wani masani ne a ƙasar waje da Barista ya tura wa hoton ta waya, ya amsa da layi ɗaya cewa ba matsala. Na zaci an gama. Shugaban kwamiti ya ce a'a, yadda bakinsu ya zo ɗaya da sauri haka shi ne ma abin tuhuma, don a shekara goma sha tara bai taɓa ganin injiniyoyi uku sun yarda da juna ba sai in akwai wata a ƙasa. Ranar sha uku ga wata ya kira asibiti ya ce a ɗage, ana kan nazari. Ranar sha huɗu da safe, a gabana, ya ɗauki biro ya rubuta K.I.V. a bangon koren fayil ɗin, ya ja layi biyu a ƙasa, ya tafi ofis. A can har yanzu jarumi ake kiransa, masinjoji suna rige-rigen riƙe masa jaka.

Ba shi kaɗai zan ɗora wa laifi ba. Makon farko da aka ɗage, daɗi na ji. Mijina ne, uban 'ya'yana, kuma ni ma wuƙar nan tana ba ni tsoro. Da na buɗe baki na ce masa, Abban Fu'ad, tsoro kake ji, ni ma ina ji, zo mu je da tsoronmu, da ƙila an wuce wurin. Maimakon haka na ci gaba da rubuta bayanan zama da kyakkyawan rubutu, ina zuba zoɓo. Wannan abu yana cina har yau.

Ina kuma ci gaba da kai Adda wanki, Litinin da Alhamis. Ba ta taɓa tambayata ina aka kwana ba. Abin da take tambaya kawai shi ne, "Rukayya, Faruku yana cin abinci kuwa?" Ita kaɗai ce a duniya take kiransa da sunansa haka gatsal. A mako na huɗu ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga, ta koma sa silifas ɗin wanka na maza. A mako na shida sai da muka tsaya sau biyu tsakanin mota da ƙofar asibiti tana mayar da numfashi. Na gaya wa shugaban kwamiti. Ya ce a sa a cikin ajandar zama na gaba.

A mako na bakwai aka yi suna a ruga, dole muka je. Da hantsi muka isa, an riga an yanka rago, Baffa Kure yana tsugune a gindin ɗorawa yana fiɗa. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, ba ya son doguwar magana. Labarin jijiya ya iso masa tuni, don babu abin da ke ɓoyuwa a ruga. Ya ɗaga wuƙa ya yafito mijina.

"Zo nan, darakta. Tattare rigar."

Ya sa hannu cikin ragon, ya yaye kitsen da ya lulluɓe ƙodojin, ya nuna da tsinin wuƙa. "Duba ta dama. Guda nawa ka gani sun shiga?"

"Ɗaya, Baffa."

"Ta hagu fa?"

Abban Fu'ad ya sunkuya, yana riƙe da hularsa kada ta faɗa ciki. "Kamar biyu."

"Ba kamar ba ne, biyu ne. Shekara hamsin ina fiɗa, na ga mai ɗaya, na ga mai biyu, na ga wanda tasa ta zagaya ta baya kamar mai gudun surukai. Ban taɓa buɗe biyu na same su iri ɗaya sak ba. Ragon nan da kake gani, rabin tumakin garken can 'ya'yansa ne. Bai san yana da biyu ba, bai kuma kafa kwamiti ba."

Matan da ke wanke kayan ciki suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Mijina ya gyara tabarau ya ce, cikin ladabi, "Baffa, ai shi rago ba a tambayarsa wa ya sa hannu."

Baffa ya koma kan fiɗarsa. A nan aka zo aka ce Adda tana kiransa, ni ma ta ce in shigo.

Tana kishingiɗe a kan gado, an tara mata matasai uku a baya don ba ta iya kwanciya a miƙe kamar da, numfashi yake ƙwace mata. Ta sa ya zauna a bakin gadon. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi.

"Faruku, na yafe maka ƙodar nan. Wallahi har zuciyata. Taka ce, Allah ya ba ka, ba ni na ba ka ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka daina ɗora wa jijiya."

"Adda, ba haka ba ne, akwai ƙa'ida..."

"Ka tuna shekarar da muka taso da shanu da damina, muka zo rafin nan da za a haye? Kana da shekara bakwai. Ka zauna a bakin ruwa ka ce takalminka ɗaya ya ɓata. Kowa ya bazu cikin ciyawa ana nema, har Baffa. Ni kuwa ina kallon igiyarsa ta leƙo ta ƙarƙashinka, a kai kake zaune. Ban tona ka ba. Na bari suka yi gaba, na goya ka muka haye. Ruwan nan iya gwiwa ne, Faruku." Ta tsaya ta ja numfashi. "Da ka zo ka ce mini, Adda, tsoro nake ji, da na gane. Tsoro na san shi, kullum da shi nake hawa injin nan. Wannan bariyar taku ce ban sani ba."

Mijina ya miƙe. Ya fita bai ci naman suna ba. A hanya, daidai inda manyan motoci suke layi a gaban masana'antun Idu, ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kansa a sitiyari ya yi kuka irin na yara, da shessheƙa. Na bar shi ya yi. Ni ma nawa nake yi.

Ranar Litinin bai karya ba, wai ko za a ce a shiga da shi nan take. Ya haɗa jaka da jallabiya biyu da buroshi. Ya ɗauko koren fayil ya soke haruffan nan uku, ya rubuta AN AMINCE, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Sa hannunsa na farko ke nan a kan bariyeshan tun da ya fara aiki. Muka biya ruga muka ɗauko Adda, aka wuce da ita ɗakin wanki a keken marasa lafiya, mu kuma muka shiga wurin Dakta Rita. Ya ajiye mata fayil ɗin a tebur da hannu biyu.

"Dakta, na shirya. Yau, gobe, duk lokacin da kika ce. Ki ɗaure duk abin da za ki ɗaure."

Ba ta taɓa fayil ɗin ba. Ta jawo wani daban, mai kauri, gefensa duk ya lanƙwashe, mai sunan Adda.

"Oga, ka zauna. Ranar Thursday mun yi hoto na zuciya na Mama. Ya yi rauni sosai, ruwa ya taru a huhu. In na sa shi barci yanzu, ba zai tashi ba."

"To yaushe?"

"Za mu ƙara wanki, mu ba shi magani, mu gani ko zuciya zai dawo. Wani lokaci yana dawowa. Wani lokaci ba ya dawowa. In ya dawo, kwamiti na dashe zai zauna ya duba."

"Kwamiti?" Muryarsa ta sirance. "Dakta, ke ba za ki iya sa hannu ba? Ke kaɗai? Ni na yarda, zan rubuta cewa ni na ce."

"Ba mutum ɗaya yake sa hannu a wannan ba, oga. Kai ma ka sani."

Ba da gayya ta yi ba, na tabbata, don ba ta san komai game da ofishinsu ba. Juyo da fayil ɗin kawai ta yi don ta nuna mana sakamakon. A saman shafin, ƙarƙashin kwanan watan Alhamis, da rubutunta na likitoci mai kama da tafiyar kaza, an rubuta dashe, sannan haruffa uku. Ashe su ma suna amfani da su. Abban Fu'ad ya zuba wa K.I.V. ɗin nan ido kamar yau ya fara ganinsa.

Muka fito muka zauna a dogon bencin da ke gaban ɗakin wanki, cikin masu jira, jakarsa a kan cinyarsa. Mai gadi ya zo ya ce ya matsa ya ba wata tsohuwa wuri, ya matsa. Awa huɗu muna nan, bai duba waya ba ko sau ɗaya, ga ta tana ta ƙara, mutanen ofis suna yi wa jarumi fatan a fito lafiya.

Bayan azahar aka turo Adda a keke, an rufa mata zane a ƙafa, silifas ɗin nan suna leƙowa. Ta ga jakar, ta ga fuskarsa, ta gane komai. Ta sa nas ta tsaya. Ya durƙusa a gaban keken a tsakiyar mutane, babbar rigarsa tana sharar ƙasa.

"Ka samo takalmin, Faruku?"

"Na samo, Adda."

Ta ɗora hannunta mai filasta a kansa, ta gyara masa hular da ta karkace.

"To riƙe shi da kyau," ta ce. "Ruwan ne ya ƙaru."